Karatun Auta da Idon Umma

Duk ƙarshen shekara editan jaridar da Auta yake yi wa rubutu yakan kira shi, ya ce ya kawo musu ɗan bayani a kan littattafan da ya karanta, wanne ya burge shi, wanne ya ɓata masa lokaci. Aiki ne da Auta yake so ƙwarai, don babu abin da ya fi yi wa marubuci daɗi kamar a ba shi fili ya auna 'yan'uwansa marubuta. Amma bana da ya jera littattafan a gefen tebur ya buɗe kwamfuta, sai hannunsa ya ƙi tafiya. Akwai wani mai shuɗin bango a saman jerin, wanda ya yi wata da watanni yana riƙe da shi, ya juya shafukansa tun daga farko har ƙarshe, kuma in da za a tsare shi da tambaya, bai san abin da ke cikinsa ba.

In ka tambayi Auta, zai ce maka laifin idon Umma ne.

Umma ita ce mahaifiyarsa, tsohuwar shugabar makaranta, irin mutanen nan da ko sun daɗe da yin ritaya ba ka iya zama a gabansu sai ka gyara wuyan rigarka. Karatu ne abincinta. Ita ta koya wa Auta yadda ake riƙe littafi, ita ta hana shi lanƙwasa gefen shafi, kuma ita kaɗai ce a duniya ta karanta duk abin da ya buga ba tare da ta taɓa cewa ya yi kyau ba. Ya kai mata littafinsa na farko da hannunsa. Ta karanta ta mayar masa, ta ce takardar mai kyau ce, masu ɗab'in sun yi ƙoƙari. Na biyun ta ce ya fi na farko, bakinsa ya ƙi rufuwa don murna, da ya tambaye ta ta wane fanni, sai ta ce gajarta. A waje ana gayyatarsa taro, ana ba shi kujerar gaba, matasa suna ɗaukar hoto da shi. A falon Umma kuwa shi ne dai Autan da yake mance waƙafi. Idan yana ba abokansa labarin yakan yi dariya har da buga cinya, amma abin yana ci masa rai. Furfura ta fara leƙowa a gemunsa, kuma har yau kalma ɗaya yake jira daga bakin tsohuwar nan.

A farkon shekara yanar ido ta rufe wa Umma gani. Likita ya ce za a yi aiki, amma sai an shawo kan hawan jininta tukuna, shi kuwa hawan jinin irin halinta gare shi, ba ya jin lallashi. Umma ta ce za ta iya haƙura da ganin fuskokin mutane, ta gan su ta ƙoshi, amma ba za ta zauna babu littafi ba. Yaya, babbar 'yarta da take zaune tare da ita, ta gwada karanta mata, Umma ta ce ta daina, karatunta kamar mai sanarwar rasuwa a rediyo. Sai aikin ya faɗo kan Auta, tunda a cewar Umma shi ne ba shi da ofis.

Haka ya zama kullum da yamma yana can. Umma a kan kujerarta mai hannu kusa da taga, ƙafafunta a kan ɗan matashi, fanka tana juyawa da ƙararta da aka yi shekaru ana cewa za a kira mai gyara. Shi kuma a kan kujerar roba, kofin shayi a ƙasa kusa da ƙafarsa. Littattafan farko sun tafi lafiya. Umma tana saurare ido a lumshe, in marubuci ya yi shirme ta ja tsaki, in ya yi abin kirki ta ɗaga yatsa ɗaya ta sauke.

Sai aka zo kan mai shuɗin bango. Littafi ne da aka yi ta zuzutawa, jaridu suna cewa ba a taɓa irinsa ba. Labarin wani attajiri ne da yake zaune a bakin tagar benensa yana tunanin rayuwarsa. Ya yi tunani a babi na farko, ya ɗora a na biyu, da aka shiga na uku ya ɗan gyara zama ya ci gaba. Auta ya nemi a ajiye shi a ɗauko wani, Umma ta ce ita ba ta taɓa barin littafi a tsakiya ba, ba kuwa za ta fara da tsufanta ba.

Wata ranar zafi, fanka tana ta ƙararta, idon Auta ya yi nauyi, sai ya zo kan wani layi inda wata mai wanki da guga ta shigo ɗakin attajirin ta ajiye masa kaya ta fita. Iyakar abin da marubucin ya ce a kanta ke nan. Auta bai san lokacin da ya bi ta ba. Idonsa yana kan shafi, amma bakinsa ya sauka daga benen tare da matar, ya bi ta cikin layin unguwa, ta tsaya ta sauke ƙunshin kaya daga kanta ta murza wuyanta, ta zagi attajirin a ranta don ya bar alƙalami a aljihu ya ɓata mata farar riga. Sai da ya yi nisa ya farga. Ya ɗago kai yana jiran a yi masa wankin babban bargo, ya ga Umma ta tashi zaune sosai, ta juyo da kunnenta wajensa.

"Me ya tsayar da kai?" ta ce. "Yanzu ne littafin ya fara."

To, wa zai ce wa Umma a'a? Ya lashi yatsa, ya juya shafi, ya ci gaba.

Daga ranar attajiri bai sake samun shiga ba. Auta ya ba mai guga ɗaki a bayan wani gareji, ya ba ta ƙane direban babbar mota mai yawan alkawari, ya ba ta wani tela maƙwabcinta da yake sonta amma bakinsa ya yi masa nauyi, sai dai kullum ya kawo mata kayan da ya riga ya goge da kansa, ita kuma ta karɓa ta sake gogewa ba ta ce komai ba. Matar tana sanin halin gida daga wuyan rigar maigidan, tana sanin wanda aka kora daga aiki tun kafin matarsa ta sani. Auta ya ƙware a sana'ar yaudara ƙwarewa ta ban tsoro. Ya san lokacin da ya kamata a juya shafi. Yakan yi tuntuɓe da gangan a kan kalma ya koma ya gyara. In tunani ya ƙare masa sai ya kurɓi shayi, ya yi gunagunin cewa rubutun ya yi ƙanana.

Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne, shekarun nan ko layi ɗaya na kirki bai iya rubutawa ba. Yakan zauna gaban kwamfuta tun safe, ya goge allonta, ya gyara kujera, ya tashi. Amma ga labari yana zuba daga bakinsa kamar an kunce famfo. A cunkoson motoci yana tunanin mai guga, a wajen mai aski yana tunanin tela. Ya gwada rubuta abin da ya faɗa bayan ya koma gida, sai komai ya bushe, kalmomin suka tsaya masa ƙerere. Ya bari. Ya ga alama labarin ba ya fitowa sai da kunnen Umma a gabansa.

Sau ɗaya asirinsa ya kusa tonuwa. Ya mance ya kira direban yayan mai guga, Umma ta ɗaga hannu ta ce jiya ƙanenta ne. Auta ya ce ai kuskuren marubucin ne, irin wannan yana faruwa. Umma ta ce kada ya kuskura ya ɗora wa bawan Allah laifi, mutumin da ya iya rubutu haka ba ya irin wannan sakaci, idonsa ne dai yake tsallake layi tun yana firamare. Auta ya ba da haƙuri. An zage shi an yabe shi a numfashi ɗaya, kuma ya rasa wanne zai riƙe.

Da labarin ya yi nisa sai ya kashe direban a hanya, ranar da direban ya ɗauko wa yayarsa mai guga sabon dutsen guga na lantarki da ya daɗe yana yi mata alkawari. Hawaye suka bi kumatun Umma, ta ce ya rufe littafin ya tafi gida, yau ba ta son ganin kowa. Ya tafi yana jin kunya, yana kuma jin wani daɗi da bai kamata ɗan kirki ya ji ba bayan ya sa uwarsa kuka.

Shekara ta kusa ƙarewa lokacin da shafukan suka ƙare, dole ya sauke labarin. Ya rufe bango. Fanka tana ta yi. Umma ta miƙo hannu ya sa mata littafin, ta shafa shi.

"Na daɗe ban gamu da littafi irin wannan ba," ta ce. "Ka ji yadda ake rubutu, Auta? Wannan mutumin ya san mutane, kuma yana tausayinsu. Ka riƙa karanta irinsa, ko Allah zai sa ka tsinci wani abu."

Ya ce to, Umma. Ya fita ya shiga motarsa, ya kasa tayar da ita. Ya yi dariya shi kaɗai har wani mai wucewa ya leƙo, daga nan dariyar ta juye ta zama wani abu dabam, ya kifa kansa a kan sitiyari. Abin da ya yi rabin rayuwarsa yana jira ya zo, sai dai da sunan wani a jikinsa. Ya yanke wa kansa shawara cewa hakan ma ya isa. Yabon nasa ne, shi ya san nasa ne, zai ajiye shi a ransa, babu mai karɓe masa.

Ba a yi sati biyu ba Yaya ta kira shi tana murna, ta ce jinin Umma ya sauka, likita ya sa ranar aiki.

Kada a yi wa Auta mummunar fahimta, ya yi farin ciki. Shi ya kai ta asibiti, shi ya zauna a benci yana addu'a, kuma ranar da aka cire bandeji ta dube shi ta gane shi, sai da ya juya baya ya share ido. Amma a hanyar komawa gida, tana ta karanta allunan shaguna da ƙarfi kamar 'yar aji ɗaya, sai ta ce abu na farko da za ta yi da idon nan shi ne ta karanta mai shuɗin bango da kanta, don akwai wuraren da take so ta sake tsayawa a kansu. Auta ya san Umma. Ranar da ta gane cewa yabon nan a kansa ya sauka, za ta karɓe abinta, ta ƙara masa da na ƙarya.

Ya fara da sace littafin. Ya sa shi a ƙarƙashin riga ya fita da shi kamar ɓarawon kaza. Da ta nema ya ce ya ara wa wani aboki. Da ta sake nema ya ce abokin ya yi tafiya. Ya kwaso mata wasu littattafai masu kauri da manyan haruffa ya jibge mata, ta karanta biyu ta ce ba su kama ƙafar wancan ba. Ya ce likita fa ya hana ta wahalar da ido, ta ce tana wurin lokacin da likitan yake magana, kuma ba a kunne aka yi mata aiki ba. Yana cikin tunanin ƙarya ta gaba sai Yaya, wadda Allah ya yi ta da son taimako a inda ba a nema ba, ta biya kantin littattafai daga wajen aiki ta sayo sabo fil. Har ta kira shi ta ce kada ya damu da abokin nan nasa, ta hutar da shi. Ya yi mata godiya da muryar da ta sa ta tambaye shi ko ba shi da lafiya.

Wannan ne ya kawo mu ranar ƙarshe ta shekara, da Auta a gaban kwamfuta, edita yana ta kira. Kwanaki ke nan littafin yana hannun Umma, ba ta kira shi ba, ba ta aiko ba, shi ma bai taka gidan ba. Ya ɗauki kwafin da ya sato ya ce bari dai ya karanta shi tsakani da Allah, ko ya sami abin rubutawa. Ya leƙa tsakiya, attajiri yana bakin taga. Ya leƙa ƙarshe, yana nan, sai dai an ce yanzu ruwa ake yi. Ya fara rubuta cewa bana ya koyi cewa mai karatu ma yana da hannu a cikin littafi, ya duba jimlar, ya ga ko a kotu ba za ta cece shi ba, ya goge. Wayarsa ta yi ƙara. Yaya ce, ta ce Umma tana nemansa, kuma ta ce ya zo yanzu.

Ya same ta a kujerarta, sabon tabarau a hancinta, littafin a cinyarta. Ya durƙusa ya gaishe ta. Ta amsa, ta daɗe tana kallonsa ta saman tabarau, ta ce ashe haka ya yi furfura ba wanda ya gaya mata. Ta nuna masa kujerar roba, ta miƙa masa littafin a buɗe, ta ce ya karanta mata daga inda mai guga ta ajiye kaya.

Ya karanta layin. Mai guga ta ajiye kaya ta fita. Ya dubi layi na gaba, ya dubi Umma, idanunta biyu tar a kansa. Ya karanta: attajiri ya mayar da dubansa ga taga.

Umma ta ce ta bi littafin nan daga bango zuwa bango tana neman matar. Da farko ta zaci mai kanti ne ya cuci Yaya ya ba ta na jabu, har ta tura ta ta mayar, mutumin ya rantse ya buɗe mata duk kwafin da ke shagonsa. Daga nan ta zauna ta yi tunani, ta tuna wanda yake da tela a kusa da gidansu yana yaro, da wanda ba ya iya ba da labari sai ya sa wani ya yi alkawarin da ba zai cika ba.

"Ina ka kai ta?" ta ce.

"Ba ta ko'ina, Umma. A bakina take."

"Kawo takardun in gani."

"Babu takardu. Ban rubuta ba."

A nan ne ranta ya ɓaci, kuma ba a inda ya yi tsammani ba. Ƙaryar ko ta kanta ba ta bi ba. Ta ce wato shi wawan ina ne, da zai ɗauki abu irin wannan ya zubar a iska kamar ruwan wanki, alhali ya cika kantuna da waɗancan da ya buga? Ta ce shekara nawa tana jira ya daina rubutu don a ce ya iya, ya fara rubutu don mutanen da ke cikin labarin, sai da ya yi kuma ya yi shi a inda ba mai gani? Ta yi faɗa har Yaya ta leƙo daga kicin, ta ga yanayin, ta koma.

Auta ya sunkuyar da kai yana sauraro. Da ta tsagaita, sai ya ji bakinsa ya yi tambayar da ta hana shi sukuni, da wata ƙaramar murya da shi kansa ya ji kunyarta.

"Umma, maganar da kika yi ranar da muka gama. Tana nan?"

Ta cire tabarau, ta goge shi da gefen mayafinta a hankali, ta mayar.

"Na faɗa, kuma ban yi ƙarya ba. Amma ido rufe na faɗa. In kana son in faɗa ido buɗe, ka kawo min shi a takarda, da sunanka a jiki. Likita ya ce idon zai kai ni wani lokaci. Bai ce har yaushe ba. Kada ka yi min irin jinkirin nan naka."

Ya ce zai yi, amma gaskiya rabin labarin ya tafi, yana faɗa ne yana mancewa, ko yadda ya fara ba zai iya kawowa ba.

Umma ta ja tsaki, ta gyara zama, ta lumshe ido. Sai ta fara. Mai guga ta sauko daga bene, ta shiga layi, ta sauke ƙunshin kaya ta murza wuyanta. Ba labarin kawai take bayarwa ba, jimlolinsa ne, yadda ya faɗe su a ranar zafin nan, ɗaya na bin ɗaya, har da zagin da matar ta yi wa attajiri a ranta. Auta ya zauna baki buɗe yana jin maganarsa tana fitowa daga bakin uwarsa, wadda bai taɓa jin ta haddace layin kowa ba.

Ta buɗe ido ɗaya ta gan shi zaune hannu sake.

"Kallona ka zo yi? Ga biro can a kan tebur. Kuma idan mun kai wajen direban nan za mu yi magana, don na ƙyale ne kawai saboda na zaci wani ne ya kashe shi."

Wayarsa tana ta ƙara a aljihu, edita ne. Ya kashe ta, ya jawo kujerar roba kusa da ita, ya ce ta ɗan koma baya kaɗan, daga inda matar ta sauko.